Ban Shiga Ruwa Ba, Baba

Ruwan farko na bana ya sauka a Birnin Gwari wata Talata da hantsi, yaran unguwa suka fito suka yi layi a ƙarƙashin indararo suna ihu. Rahma, 'yar shekara takwas, ta leƙa madafi ta ga uwarta ta ba da baya tana tankaɗe, sai ta sulale ta bi su. Ko minti goma ba ta yi a cikin ruwan ba. Kafin la'asar tana kwance a kan tabarma ta dunƙule, tana cizon bakin zanen uwarta, tana cewa ana sara mata ƙafa da gatari.

Ubanta, Malam Tasi'u, shi ne mai kula da ɗakin magani a Asibitin Mangwaro, wani ƙaramin asibiti da mutanen gari suka haɗa hannu suka gina a hanyar Kakangi. Da ya dawo daga aiki, tun daga zaure ya jiyo kukan, kuma tun daga zauren ya san ko mene ne. Amma sai ya jingine babur ya shigo yana ɗaure fuska, wai shi mai bincike.

"Ruwa ta shiga ko?"

Matarsa Juwairiyya ta ce, "Wallahi Malam ban ga fitarta ba."

Ya tsuguna, ya zaro kwalbar allura daga aljihun gaba, inda wasu mazan suke sa biro. Ya fasa, ya zuƙa a sirinji, ya yi wa yarinyar a cinya. Sannan ya ɗaga mata yatsa.

"Sau nawa zan gaya miki, Rahma? Sanyi ne yake shiga ƙashinki. Ke kike jawo wa kanki, kike jawo mana. Yanzu kin ji daɗi?"

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan ƙara ba."

Daga ƙofar ɗakinta, mahaifiyarsa Inna Tasalla ta karɓe zancen. "Yo ina laifin yarinya? Uwar da ta kasa tsaron 'ya ɗaya tal! Ni tara na haifa, wannan da kike gani shi ne na taran, babu wanda ya taɓa yi min wannan langaɓewar. Jinin mutanen Dogon Dawa ne kawai, ba shi da ƙwari."

Juwairiyya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da murza ƙafar 'yarta. An bar jaki ana dukan taiki, kuma a duk gidan mutum ɗaya ne ya san inda jakin yake ɗaure.

Maganar ba ta da tsawo. Mahaifin Juwairiyya, Malam Wakili, tsohon malamin firamare a Dogon Dawa, ya binne 'ya'ya biyu da ciwon sikila, wanda tsofaffi suke kira amosanin jini. Saboda haka ya rantse ba zai aurar da Juwairiyya ba sai ya ga takardar gwajin jinin manemi da idonsa. Ita AS ce, wato tana ɗauke da rabin ciwon, to sai dai mai AA. Tasi'u ya je Kaduna a ɓoye ya yi gwaji, shi ma ya fito AS. Ya san in biyu irin wannan suka haɗu ana iya haifar mai ciwon gaba ɗaya. Ya dawo, ya zari takardar gwaji mai hatimi wadda ba a cike ba a wurin da yake koyon aiki, ya rubuta AA da hannunsa. Ya ce wa kansa ɗaya cikin huɗu ne kawai, kuma Allah shi ne mai tsarewa. Ɗaya cikin huɗun nan kuwa ita ce ta fara zuwa, aka raɗa mata suna Rahma. Takardar tana nan har yau a adakar Juwairiyya, a ƙarƙashin zannuwan lefe.

Tun daga Rahma bai yarda an sake haihuwa ba. Ya ce jikin Juwairiyya yana bukatar hutu. Inna kuwa ta ɗora wannan ma a kan surukarta, tana faɗa wa maƙwabta an kawo mata juya mai haihuwar gwaji.

Da ciwon ya lafa bayan kwana huɗu, Juwairiyya ta same shi yana goge babur a tsakar gida. Ta tsaya a kansa ta ce:

"Malam, wannan kukan na Rahma na san shi. Haka Yaya Ma'u take yi kafin ta rasu. Ina ƙarama, amma ban manta ba. Ko mu kai ta asibitinku a gwada jininta?"

Bakinsa bai yi nauyi ba, don ya saba.

"Ke da kika yi sakandare kike wannan maganar? AA da AS suna haifar sikila? Ɗauko takardar ki sake dubawa in kin manta. Ko kin fi takarda sani ne?"

"A'a, Malam."

"Kuma wane asibiti? Ni ne asibitin. Maganin da za su rubuta, wurina za a zo karɓa. So kike a ce 'yar mai ɗakin magani tana bin layi da kati?"

Ta ba shi haƙuri. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, kullum ita take ba shi haƙuri. Ya ci gaba da goge tankin da ya riga ya yi fes har ta bar wurin.

Damina ta yi nisa, jikin Rahma yana ja da baya. Farin idonta ya koma ruwan ɗorawa, aka ce shawara ce, Inna ta jiƙa saiwoyi. Cikinta ya ɗan taso ta gefen hagu, Tasi'u ya ce tsutsa ce, ya kawo maganin tsutsa. Makaranta kuwa in ta je Litinin da Talata, sauran kwanakin tana kwance. Ta cika alƙawari, ba ta ƙara shiga ruwan sama ba. In hadari ya haɗo sai ta sa rigar sanyi ta zauna a bakin ƙofa, tana jiyo ihun 'yan'uwanta a waje, hannunta a cikin hammata. Duk da haka ciwon bai fasa zuwa ba, shi kuma uban bai taɓa rasa laifin da zai liƙa mata ba. Yau ta sha ruwan randa, gobe ta taka raɓa, jibi ta kwanta kusa da taga. Har ta kai yarinyar in za ta wanke hannu sai ta tambaya ko ruwan bai yi sanyi ba.

Sau biyu Juwairiyya ta roƙa a kai ta Kaduna. Ya ce, "Ta wace hanya? Jiya-jiyan nan aka tare motoci a dajin. So kike mu je neman lafiya mu ƙare a hannun 'yan bindiga?" Wannan kam gaskiya ce, kuma babu abin da ya kai gaskiya daɗin ɓuya a bayanta.

A wurin aiki Malam Tasi'u mutum ne mai daraja. Shi ne sakataren kwamitin magunguna, wanda yake zama sau biyu a shekara don zaɓar abin da asibiti zai ajiye. Kayan daga Kaduna suke zuwa, sai ranar da aka samu rakiyar jami'an tsaro, don haka ba a ƙara sabon magani sama da uku a zama ɗaya. Ƙa'idarsu ita ce duk mai son a sa wani magani, ya kawo takardun binciken da aka yi a kansa. A kan su wa aka gwada? Ya yi aiki? Wace illa ya yi? Mu nan za mu iya kula da mai shan sa? Kuma mutum nawa muke da su masu bukata? Tasi'u ne ya tsaya kai da fata aka kafa wannan ƙa'ida. Shi ya sa aka daina sayen wani maganin tari mai zaƙi da dillalai suke tallatawa, shi ya tono binciken da ya nuna wane maganin dafi ne yake aiki a kan kububuwar yankinmu, manoma da yawa suka tsira. Ma'aikata suna kiran sa Malam Ina-Hujja, yana kuma jin daɗin sunan.

Mako guda kafin zaman tsakiyar damina, sabuwar likitar asibitin, Dakta Kadijatu, ta raba wa 'yan kwamiti wasu takardu. Da ya ga kan maganar, sai da ya rufe tagar ba da magani ya zauna. Bincike ne a kan wani maganin sikila mai suna haidroksiyuriya. Ya karanta sau uku yana ja wa layuka jan biro. A gefen shafi na bakwai ya rubuta nauyin Rahma, kilo goma sha tara, ya lissafa adadin da ya kamata ta riƙa sha. Ya yi tunanin ya aika a sayo masa a Kaduna a ɓoye. Amma mai shan maganin sai ana duba jininsa lokaci-lokaci, ga shi kuma Juwairiyya ba ta barin takardar cikin kwalin magani sai ta karanta. Ya naɗe takardun ya sa a aljihun tebur.

Ranar zama suka hallara a ofishin likita: Alhaji Ɗalha, dattijon da yake wakiltar mutanen gari kuma shi ne shugaba, da Dakta Kadijatu, da babbar nas Sista Lailatu, da shi sakatare da littafinsa.

Dakta Kadijatu ta yi bayani a taƙaice. "Ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a rana. Ba a ƙasar Turawa kaɗai aka gwada ba, an gwada a kan yaranmu na Arewa, masu cin tuwo irin namu, masu fama da sauro irin namu. Ciwon ƙashi yana raguwa, ƙarin jini yana raguwa, kuma yana kare yaro daga shanyewar ɓarin jiki. Malam Tasi'u, katin masu sikila nawa muke da shi?"

"Tara."

Sista Lailatu ta yi tsaki. "Tara a gari kamar wannan? Suna nan jibge a ɗakuna ana ɗirka musu jiƙo. Ɓoyewa ake yi, kada a ƙi auren 'yan gidan."

Likita ta ce, "To ga shawara. Na samo kayan gwaji na nan-take. Mu sa rana, mu ma'aikata mu fara kawo namu 'ya'yan a gwada su a gindin mangwaro, kowa yana gani. In gari ya ga jikokin Alhaji da 'yar Malam Tasi'u a layi, kowa zai fito da nasa."

Alhaji Ɗalha ya gyaɗa kai yana murmushi. Tasi'u kuwa bai yi murmushi ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya ajiye biro, ya gyara murya, ya ɗauko ilminsa duka ya tsaya a bayansa.

"Ranka ya daɗe, ban ƙi binciken ba. Amma a ina aka yi shi? A asibitocin koyarwa, masu wuta dare da rana. Wannan magani yana iya rage ƙwayoyin jini, sai ana gwaji a kai a kai. Injin gwajinmu kuwa da hasken rana yake aiki, in hadari ya rufe rana kwana biyu, shi ke nan ya kwanta. Uwar da take Kakangi, za ta iya zuwa duk wata ta wannan hanyar? In kuma aka tare hanya wata biyu kaya ba su zo ba, mu ce wa yaran da muka fara ba su me? Asibitin koyarwa daban, Mangwaro daban. Mu tara jama'a mu gwada su, mu liƙa wa gidaje suna, sannan mu ce ba mu shirya ba? Ina hujjar cewa zai yi aiki a wuri irin namu?"

Likita ta ce, "Akwai. Sun gwada matsakaicin adadi wanda ba ya bukatar yawan gwaji. Yana cikin takardun nan."

"Shafi na nawa, Dakta?"

Ta shiga buɗe takardu, ana ta ƙwanƙwasa ƙofa ana cewa an kawo mai naƙuda. Ta buɗe gaba, ta koma baya, ba ta gani ba. Shafi na bakwai ne, sakin layi na biyu. Tasi'u ya san shi kamar Fatiha. Ya kafa wa littafinsa ido ya bar ta tana nema.

Alhaji Ɗalha ya ce, "To, Malam Ina-Hujja ya yi magana. Gaggawa aikin shaiɗan ce. A ɗage maganin da ranar gwajin zuwa zama na gaba."

Tasi'u ya rubuta hukuncin da kyakkyawan rubutunsa. Sista Lailatu ta daɗe tana kallon sa, sannan ta tashi ta bi likita. Ya yi nasara, amma ranar ko abincin rana bai iya ci ba. A hanyar gida ya tsaya ya sayo wa Rahma sabuwar rigar sanyi mai hula, ta yi ta murna tana godiya, shi kuma kunya ta hana shi kallon idonta.

Bayan mako bakwai, wata Asabar da safe, gari ya waye tas babu ko ɗigon hadari. Rahma tana zaune a tsakar gida tana shan koko, sai ludayin ya suɓuce daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun dama ya ƙi zuwa. Ta ɗago za ta kira uwarta, bakin ya karkace gefe, kokon yana dalala ta kusurwarsa. Ta zame ta kwanta a kan tabarma ba tare da ko kuka ba.

Juwairiyya ta yi salati ta sure ta. Tasi'u ya fito daga ɗaki da gudu, ya gani, ya gane. Shanyewar ɓarin jikin da takardun nan suke magana a kai ke nan. Amma duk da haka, don a san yadda ƙarya take zama jiki, hannunsa aljihun gaba ya nufa.

"Kwantar da ita, bari in yi mata allura."

"A'a."

Bai taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ita kaɗai ba, babu Malam a gaba, babu haƙuri a baya. Ta goya yarinyar, ta ja hijabi ta nufi zaure. Ya sha gabanta.

"Ki jira mu ga yadda za ta yi zuwa azahar."

Inna ta ɗaga murya daga baya. "Fita za ki yi ba izinin miji? A Dogon Dawa haka aka koya miki?"

Juwairiyya ta dube shi ido cikin ido. "Matsa min, Baban Rahma."

Ya matsa. Ta fita da sauri ba takalmi, ƙafar yarinyar ta dama tana reto. Ya bi ta a baya da babur yana cewa ta hau, ba ta ko waiwaya ba har asibiti.

Dakta Kadijatu ta duba idon Rahma da tafin hannunta, ta taɓa cikin, ta ɗaga hannun dama ta saki ya faɗi. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta sa aka ɗauko ɗaya daga cikin kayan gwajin nan da aka ɗage ranarsu, ta soki yatsan yarinyar. Minti kaɗan sakamako ya fito.

"Sikila ce. SS. Jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe. Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mata yanzu, kuma na mai AA muke so."

Juwairiyya ta girgiza kai. "Dakta, a sake gwadawa, an yi kuskure. Ni AS ce, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma Malam AA ne, takardarsa tana adakata, da hatimi da komai." Ta juya ta kama hannun rigarsa tana ja. "Ga shi nan ma. Ku ɗebi nasa ku sa mata, nasa mai kyau ne. Malam, naɗe hannun rigar mana!"

Tasi'u bai naɗe hannun rigar ba. Likita tana kallon sa, Sista Lailatu tana kallon sa, har matar da take jinyar ɗanta a gadon kusa ta daina fifita. Matarsa tana kare shi a gaban jama'a da ƙaryar da ya yi mata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige ya gode mata.

Ya ce, da muryar da shi kansa bai gane ba, "Nawa ba zai yi ba."

"Kamar yaya ba zai yi ba?"

"Ni na rubuta takardar."

Ta saki hannun rigar a hankali. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta koma gefen gadon ta gyara wa 'yarta hula. Sista Lailatu ce ta naɗe nata hannun ta wuce ɗakin gwaji, aka yi sa'a jininsu ya zo ɗaya.

Rahma ta rayu. Hannun dama da ƙafar dama kuwa ba su dawo ba, magana ma sai da ƙyar. Da Inna ta zo dubiya ta ji yadda aka yi, sai ta gyara zama ta fara ɗinke ɓaraka.

"To, ƙaddara ta riga fata. Ai son da yake miki ne ya jawo, 'yar nan. Da bai so ki ba, da bai yi ba. A rufa wa juna asiri."

Juwairiyya ta ce, "Inna, shekara takwas ina shan zagi a kan jinin Dogon Dawa, ban taɓa tankawa ba. Rabin ciwon nawa ne, na ɗauka. Ɗaya rabin fa, na wane gari ne?"

Inna ta shiga neman goro a bakin zanenta.

Kwana uku bayan haka Malam Wakili ya iso daga Dogon Dawa a bayan motar gawayi, ta hanyar nan da aka ce ba ta biyuwa. Tasi'u ya zube a gabansa a gindin mangwaro yana jiran faɗa, yana ma fatan a yi masa, ko ya samu sauƙi. Tsohon ya amsa gaisuwarsa tsaf, ya tambayi aiki, ya tambayi Inna. Sannan ya zaro takardar da Juwairiyya ta ɗauko masa daga adaka, ya warware ta, ya ɗaga ta nesa da ido irin na tsofaffin malamai.

"Ka san tun a wancan lokacin na yaba hannun wanda ya cike ta? Na ce wannan ya samu malamin rubutu." Ya naɗe ya miƙa masa. "Karɓi kayanka. Ni biyu na binne cikin jahilci, ban san komai ba. Kai da ka sani, ban san me za ka ce wa Allah ba."

Ya tashi ya shiga wurin jikarsa, ya bar shi durƙushe da takarda a hannu.

Dakta Kadijatu ba ta jira wata shida ba, ta sa Alhaji Ɗalha ya kira zaman gaggawa. Bisa al'ada, sakatare ne yake fara karanta abin da aka yanke a zaman baya. Tasi'u ya miƙe da littafin, ya karanta da bakinsa: "Malam Tasi'u ya nuna cewa babu isasshiyar hujja." Nan ya tsaya. Babu wanda ya taimake shi. Sai da ya kai ƙarshen shafin.

Likita ta ce, "Katin masu sikila nawa muke da shi?"

"Goma."

Ta ajiye wasu takardu a tsakiyar tebur. Na Tasi'u ne, ta gan su a aljihun teburinsa ranar da ta shiga ɗakin magani neman ledar ƙarin ruwa. Ta buɗe shafi na bakwai, ga jan layi a ƙarƙashin sakin layi na biyu, ga kilo goma sha tara a gefe da lissafinsa.

"Ka tambaye ni shafi na nawa. Ga shi, na samo."

Alhaji Ɗalha ya ɗauka ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Bai ƙara kiran Tasi'u da sunan nan na Ina-Hujja ba, ba a ranar ba, ba kuma bayanta ba. Aka amince da maganin cikin minti biyar, aka sa ranar gwaji. Ran da aka yi shi, bayan ma'aikata sun kawo nasu, mata suka yi ta fitowa daga lunguna da yara a goye, kati goma ya zama arba'in da ɗaya. Tasi'u yana kallo ta tagar ɗakin magani. Ba 'yarsa kaɗai ya tare wa hanya ba ashe.

Kayan suka iso daga Kaduna bayan mako uku. Tasi'u ne ya yanke kwalin, shi ya ƙirga ƙwayoyin kati na goma ya zuba a 'yar leda. Adadin da likita ta rubuta daidai yake da wanda ya lissafa tun tsakiyar damina. Likita ta ce zai taimaka kada abin ya sake dawowa. Abin da ya riga ya tafi kuwa, ba ta yi alƙawari ba.

Ya kai da kansa ɗakin yara da yamma. Juwairiyya tana zaune a gefen gado, kayanta a ɗaure cikin buhu, don ta ce daga asibiti gidan ƙanin mahaifinta za su wuce. Ta karɓi ledar ba ta dube shi ba, ta zaro takardar bayanin maganin da ya haɗo a ciki ta fara karantawa. A waje hadarin ƙarshen damina ya haɗo, yayyafi ya fara buga kwano.

Rahma ta ji ƙarar ruwan, ta ga ubanta tsaye a kanta da aljihun gaba a cike. Ta zaro ido, ta laluba da hannun hagu ta jawo hular rigar sanyin ta rufe kunnuwanta. Ta yi ta kokawa da harshenta, kalma tana fitowa ɗaya bayan ɗaya ta karkataccen bakin.

"Baba... wallahi... ban shiga ruwa ba."

Mutumin da bai taɓa rasa amsa a gaban kwamiti ba ya durƙusa a kan siminti, ya kama hannun daman da ba ya jin an kama shi.

"Na sani, Rahma. Ba ruwa ba ne. Ba ki taɓa yin laifi ba, ko sau ɗaya. Ni ne."

Ta dube shi, ta dubi uwarta, ba ta gane ba. Shekara takwas ana koya mata abu ɗaya, ba a kwance shi da magana ɗaya. Ta ƙara jan hular, ta matsa nesa da taga.

"Ka yi haƙuri," in ji ta. "Ba zan ƙara ba."